Ranar da Mama Ta Sake Hawa Besfa

Zuwa ga mahaifina,

Baba, gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba, don babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kake. Amma bakina ya cika da labari, kuma in ban gaya maka ba, wa zan gaya wa? Duk wanda na tara a unguwarmu ta Nasarawa sai ya yi dariya ya ce ai ya riga ya ji. Kai kaɗai ne ba ka ji ba, alhali kai ne mai labarin.

Bari in faɗa maka kan zancen tun yanzu, don na san ba ka son a ja ka da nisa. Gonarka ta ƙauyen Kakau ta tsira, har da fadamar. Kuma Mama ta hau besfarka, ni na tuƙa ta.

Kafin nan, abin da ka yi ta jira da rediyo manne a kunne ya faru. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki. Ranar da aka yi bikin, na kunna rediyon naka na ajiye a kan kujerarka, ya yi ta magana shi kaɗai. Ban ga wani abu ya canza a layinmu ba tukuna, in ban da hotunan 'yan takara da ruwan sama ke ɓantarewa daga bango. Masaƙarku ta Kakuri kuma sai rage ma'aikata take yi, abokanka da dama suna gida. Shi ya sa zancen gonar nan ya tsaya mini a wuya. Ita ce ke cika mana buhu, ka sani.

Ka tuna Danjuma, ɗan marigayi maƙwabcinka na gona? Wanda ya daɗe a Legas? To ya dawo bayan rasuwarka, ya karɓi gonar ubansa. Da damina ta faɗi na je duba tamu, sai na tarar ya tumɓuke shingen bini-da-zugun da ke tsakaninmu kakaf, ya ja kunyoyinsa sun ratsa har cikin fadamarmu, masara har ta kusa kai mini ƙirji. Na yi masa magana, ya dube ni sama da ƙasa ya ce ni yarinyar birni ce, me na sani game da iyaka? Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗa masa abin da na faɗa masa, ba sai na maimaita maka ba. Daga nan na wuce wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya saurare ni da kyau. Ya ce shi ba zai yanke magana a kan bakina ba, don ban yi noma a wurin ba. Ya ce wadda ta dasa shingen da hannunta, wato Mama, tana raye, a kawo ta ta nuna. Ya sa mana ranar Asabar. Ya kuma gaya mini gaskiya, in ba ta zo ba, abin da Danjuma ya faɗa shi zai zauna.

Kai ka san hanyar. Mota tana ajiye mutum a bakin kwalta ne, daga nan sai 'yar siririyar hanya cikin laka, mai nisan da gwiwar Mama ba za ta iya ba yanzu. Babur kaɗai ke shiga. Ita kuwa Mama ta rantse ta maya ita da babur har abada.

Ba ka san dalili ba, don bayanka abin ya faru. Da aka gama zaman makoki, ta shirya za ta taron zumuntar matan coci, ta tsayar da ɗan acaɓa a bakin titi. Bai kashe inji ba, bai karkato mata babur ɗin ba, yana ta ba shi wuta yana cewa ta yi sauri. Ka san Mama, tsawonta bai wuce ƙirjina ba. Ta ɗaga ƙafa ba ta kai ba, ta yi ɗan tsalle, babur ya zabura, sai ga ta a ƙasa, salansa ya ƙona mata sha-raɓa. Wannan duk bai yi mata ciwo ba kamar abin da ya biyo baya. Wani ƙato, wai shi mai taimako, ya sa hannu a hamatarta ya ɗaga ta cak ya ɗora a kan sirdi kamar 'yar yaye, mutane na dariya. Matar da ta haife mu, ta aurar, ta shugabanci mata a coci! Ta sauko da kanta, ta dawo gida da ƙafa tana ɗingishi, ta rufe ƙofa. Tabon yana nan har yau. Tun daga ranar, inda bas ba ya zuwa, Mama ba ta zuwa.

Na roƙe ta, na yi mata fushi, na kawo mata zancen fadama da buhunan shinkafa, ta kafe kai da fata. Ta ce tsufa ne ya zo mata, da can tana hawa kamar wasa, yanzu ƙafa ta ƙi. Ta ce gara gonar ta tafi da a sake ɗaga ta a gaban jama'a. Ni kuma ka san halina, irin naka ne, na ce wallahi gonar nan ba inda za ta.

Sai na yaye tamfol ɗin da muka rufe besfarka da shi. Ban taɓa ta ba tun lokacin da kake kwance, da ka koya mini tuƙi a filin makaranta don in riƙa sayo maka magani. Tayoyi sun sace, gizo-gizo ya yi gida a ƙarƙashin sirdi. Na tura ta har Makera wurin abokinka Malam Audu bakanike. Da ya gan ta sai ya ajiye sifana, ya shafa kanta. Ya wanke fulogi, ya canza mai, ya ɗaure birki, ya buga kik, ta tashi da irin tarin nan nata da duk layinmu suka sani. Na kau da kai don kada ya ga idona.

Da yamma na shigo da ita tsakar gida tana ƙara, na tsaya a tsakiya, na miƙa wa Mama hannu na ce ta zo mu gwada, zan riƙe ta. Ta dubi sirdin, ta dubi hannuna, ta dube ni. Ta koma ɗaki ta saki labule. Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Na zauna a kan besfa ina huci, ina tambayar kaina, shin kai yaya kake yi? Shekara da shekaru kana ɗaukar matar nan, coci, kasuwa, asibiti, gona, ban taɓa ganin ta yi tsalle ba, ban taɓa ganin ka ɗaga ta ba. To mene ne na kasa gani?

Washegari na koma Makera don kulocin yana ɗan kamawa. Malam Audu yana cikin gyara sai ya tambaye ni ina katakon. Na ce wane katako? Ya nuna mini ramukan kusoshi a gefen hagu, wajen da ake taka ƙafa. Ya ce akwai wani ɗan katako da ku biyu kuka ɗaura a nan tun tana sabuwa, don ƙafar Mama ba ta kai ƙasan besfar, ya ruɓe ya faɗi ke nan. Ya ce ranar da za ku auna, sato takalminta ka yi a aljihun riga ka kawo, don kada ta san saboda ita ake yi. Ya yi dariya har da tari. Nan take ya yanko sabo ya ɗaura, ya goge bakinsa da sanfefa don kada ya kama zani.

A hanyar dawowa ne idona ya buɗe, Baba. Na wuce ta gaban cocinmu, sai na tuna ba ka taɓa ajiye besfa inda kowa ke ajiye babur ba. Kullum sai can gefen kwalbati, muna ta mita wai ka sa mu tafiya cikin rana. Wurin injin niƙa, sai jikin matakalar shagon. A asibiti, sai bakin barandar nan mai tudu. Na iso ƙofar gidanmu na tsaya ina kallon ɗan dakalin da ka gina da hannunka, wanda muke yi wa dariya don ya yi wa zama ƙanƙanta, ba mai iya sa ɗuwawu a kai. Na ɗaga kai na ga inda ka kafa sakatar ƙofa, can sama, yadda dole sai Mama ta hau dakalin kafin ta sa kwaɗo. Mu muna cewa ka auna da tsawonka ne ka manta da ita. Ashe kai ba ka taɓa kiran ta ta zo wurin besfa ba. Besfar kake kai wa inda take tsaye.

Haba Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa ba? Ko da yake na san amsar. Da ka faɗa, da ba ta hau ba.

Ranar Asabar da safe ban ce mata uffan ba. Na ji ta tun da wuri tana buɗe akwati. Ta fito da zanin zumunta da ɗankwali, da sandarta, ta ce bas za ta shiga, sauran hanyar kuma ko da rarrafe ne za ta kai, don ba za a ce matarka ta ji tsoron Danjuma ba. Na ce to, Allah ya kiyaye hanya. Na riga ta fita. Na tura besfa ba tare da na tayar ba, na manna gefenta na hagu da dakalin, yadda injin da zafinsa suna can ɗaya ɓangaren. Na zauna, na kafa ƙafafuna biyu a ƙasa, na damƙe birkin hannu, na karkato ta kaɗan wajen ƙofa har sirdin baya ya sauko. Sai na zuba ido a kan titi kamar mai jiran wani. Ban waiwaya ba, ban miƙa hannu ba. Wuyana har ciwo yake don son in juya.

Na ji ta ja ƙofa. Na ji ta hau dakali, sandarta ta ƙwanƙwasa siminti. Na ji kwaɗo ya ce ƙaras. Daga nan shiru. Na san ta juyo ta ga sirdin daidai ƙugunta, ta ga sabon katako yana jiran ƙafarta. Mai koko da ke tsallaken layi ta buɗe baki za ta yi magana, na harare ta, ta haɗiye.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Ta danna da ƙarfi, ta zauna a gicciye yadda ta saba, besfa ta ɗan nutse, na tare nauyin da ƙafar hagu na miƙar da ita a hankali. Na ji tana tattara bakin zaninta tana cusawa a ƙarƙashin cinya don kada taya ta kama. Ta kwantar da sandar a cinyarta. Ban motsa ba har sai da ta mintsini rigata ta baya, kamar yadda na sha ganin tana yi maka. Sannan na tayar, ina riƙe da birki, na sa giya, muka tafi a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai.

Ba mu kai Kakuri ba ta fara mita. Wai ina shiga rami da gangan. Wai kai ba ka taɓa bin bayan tirela haka ba. Wai in rage gudu, can kuma wai ko so nake rana ta faɗi muna hanya? Ban taɓa jin daɗin faɗan Mama irin na ranar ba. Muka hau titin Abuja iska na kaɗa mata ɗankwali, muka wuce Gonin Gora, muka sauka kwalta a Kakau muka shiga laka. Inda hanya ta yi santsi na sauke ƙafafu ina dogarawa, ita kuma ta rungume cikina ta yi tsit. Da muka iso na nemi wata kunya mai tudu, na kashe inji, na karkato, ta zame ta sauka a kan ƙafafunta, ta gyara ɗaurin zani kamar ba a yi komai ba.

Mai unguwa yana nan da dattawa, Danjuma ma yana nan da bakinsa. Mama ta nuna da sanda inda shingen ya bi, daga bakin rafi ya miƙe. Danjuma ya ce sam, ba nan ba ne, can sama ne, kuma ubansa ya nuna masa kafin ya rasu. Aka duba ƙasa, babu ko kututture ɗaya, ya tone su tas, garma ta bi ta kai, masara ta rufe wurin. Ita ta faɗa, shi ya faɗa, rana ta yi zafi. Na ga dattawa sun fara haɗa kai suna ƙus-ƙus, sai mai unguwa ya ce tunda babu shaida a ƙasa, watakila a raba fadamar biyu kowa ya haƙura. Duk wahalar nan, a ce rabi?

Mama ba ta yi gardama ba. Ta ce ta gaji, ƙafarta na ciwo, in kai ta gida. Nan hankalina ya sake tashi, don kunyar da ta sauka a kai ta isa sauka amma ba ta isa hawa ba, ga ta da laushi. Na duba gabas na duba yamma, ko'ina shimfiɗe, babu dakali babu kwalbati. Danjuma kuwa, ko don ya nuna shi mutumin kirki ne, ya matso yana naɗe hannun riga wai bari ya ɗora Mama. Na ce a raina yau za a yi ta.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya ta kutsa cikin masarar da ya shuka, tana ture ganye da sanda, har ta kusa ɓacewa. Can sai muka ga kanta ya fito sama da masarar. Ta hau wani abu. Ta ɗaga sanda ta yafito ni, ta ce in kawo mata besfar nan, a nan take hawa.

Na tura ta cikin kunyoyi, jama'a na biye da ni. Wani faffaɗan dutse ne, baƙi, mai shimfiɗaɗɗen kai, ya nutse rabi a ƙasa, garma ta kewaye shi ta wuce don ya fi ƙarfin mai tumɓuke shinge. Tsayinsa daidai da dakalin ƙofar gidanmu.

Mai unguwa ya tsaya yana kallon dutsen, sai ya fashe da dariya har ya dafa wani dattijo. Ya ce yau ga tsufa, yaya aka yi ya manta? Ya ce da shi, da kai, da mahaifin Danjuma kuka gangaro da dutsen nan daga rafi da sanduna, yini guda kuna fama, bayansa ya yi mako yana ciwo. Ya ce sun tambaye ka na mene ne, ka ce na wasa fartanya ne, sai da yamma suka ga wadda ta hau. Kuma mahaifin Danjuma ne da bakinsa ya ce a kafa shi daidai kan iyaka, inda gonakin biyu suka haɗu, don kada ya tare wa kowa garma. Dattawan nan suka ɗauka, wannan ya ce ya sha ganin ta a kai da kwandon kuɓewa, wancan ya ce yaransu har suna kiran wurin dutsen Mama. Danjuma ya yi tsuru-tsuru. Aka ja igiya daga dutsen zuwa bakin rafi, ta bi daidai inda sandar Mama ta nuna tun farko. Fadama gaba ɗayanta ta faɗo ɓangarenmu.

A ranar aka sari rassan bini-da-zugu aka kafa sabon shinge, Danjuma da kansa ya haƙa ramukan. Mama ta ce ya bar masararsa ta nuna ya girbe, don ba ta gaba da abinci, amma baɗi kada ta ga ko sawunsa. Duk wannan tana tsaye a kan dutse take faɗa, ta fi kowa tsawo a wurin.

Sannan na manna besfa da dutsen, na kafa ƙafafu, na damƙe birki, na karkato, na dubi gabana. A gaban mai unguwa da dattawan Kakau da Danjuma, matarka ta dafa kafaɗata ta zauna, ta tattara zaninta, ta ɗora ƙafa a kan katako, ba wanda ya taɓa ta. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho ma cire hula ya yi. Ni kuwa murna ta cika ni har da na tayar na manta ban sa giya ba, na yi ta murza mai muna tsaye wuri ɗaya, sai da ta mintsine ni.

Na tambaye ta daga baya ko da gangan ta yi, ko ta tuna dutsen yana kan iyaka tun farko. Ta ce ita gida kawai take son zuwa. Ka yarda? Ni dai ban yarda ba, amma ka san ba a matsa mata.

Baba, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Na tashi ina ganin kai mutum ne mai tauri. Ban taɓa jin ka kira Mama da wani suna mai daɗi ba, ban taɓa ganin ka sayo mata turare ba, har nakan ji tausayinta. Ban san kana yawo a garin nan kana auna tudu da ido ba. Ina ƙaunarka, kuma ina alfahari da kai, da ma na faɗa maka wannan kana jin kira. Ina kewarka kullum, amma ranar Asabar ɗin nan ce rana ta farko da na tuna ka ban ji kamar an danne mini ƙirji ba.

A hanyar dawowa ba ta yi mini faɗan tuƙi ba ko sau ɗaya. Mun wuce Gonin Gora, mun kusa shiga gari, sai na ji ta jingina goshinta a bayana. Na ɗauka barci ne ya kama ta, na rage gudu. Sai ta yi magana a hankali, cikin rigata, da ƙyar na ji saboda iska. Ta ce, "Kafaɗarki irin tasa ce." Nan take hanya ta dushe mini, sai da na tsaya a gefen titi na share ido kafin mu ci gaba.

Ka huta lafiya, Baba. Gonarka tana hannunmu, matarka kuma ta koma fita. Sai mun sadu a inda ba a rabuwa.

Ni ce 'yarka,
Rifkatu, daga Nasarawa.